An Yanka, Saura Ɗinki

A shekarar da na cika ashirin da biyu, na riga na karanta littattafan soyayya da suka cika buhun masara guda har da ɗori. Ba ƙari nake yi ba, don a cikin buhun nake ajiye su, a ƙarƙashin gadon Kaka. A cikinsu na koyi duk abin da na sani game da maza. Na san namijin kirki yana da kwantaccen saje, daga mota mai baƙin gilashi yake fitowa, ƙamshin turarensa yana riga shi sallama. Na kuma san idan ya haɗa ido da wadda Allah ya rubuta masa, numfashinsa tsayawa yake yi, sai ya dafa bango.

Wanda yake zuwa zance wurina tela ne. Da ƙafa yake tahowa daga shagonsa na bakin kasuwa har gidanmu da ke kusa da Ƙofar Gayan, ranar Laraba da Asabar, bayan la'asar. Wani lokaci ya manta da tef ɗin awo rataye a wuyansa. Idan ya iso ƙofar gida sai ya turo mini saƙo a waya: "Na iso." Shekara biyu ina tara saƙonninsa da fatan wata rana zan ga ƙari, ko da "ya ke hasken idona" guda ɗaya. Ranar da ya fi tsawaitawa, cewa ya yi, "Na iso, ana yayyafi." Bangon zaurenmu kuwa sau ɗaya na ji ya dafa shi, ranar da ƙaya ta shige masa takalmi.

Hirarsa ba ta wuce zare mai zuba, da wutar lantarki da ake ɗaukewa ana tsakiyar aiki, da wani Alhaji da tumbinsa yake ƙaruwa tsakanin ranar awo da ranar karɓar kaya. Ni kuma ina zaune a bakin tabarma kusa da ƙofar ciki, na ba shi gefe, na jawo mayafi, idona a ƙasa, ina juya zobe. Haka aka tarbiyyantar da mu, haka kuma 'yan matan littafi suke yi, don haka ni nawa sunkuyon ninki biyu ne. Mutum ne mai kirki, kowa ya shaida. Amma kyautar da ya fi alfahari da ita cikin duk abin da ya taɓa kawo mini almakashi ce.

Wata safiya Baba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata," ya ce, "yaron nan ya daɗe yana sintiri. In kin amince da shi, ya turo manyansa. In ba ki amince ba, a sallame shi cikin mutunci, kada mu riƙe ɗan mutane. Ba na matsa miki. Juma'a biyu na ba ki, ki zo mini da amsa."

Na koma ɗaki na zazzage buhuna ina neman shawara. Babu littafi ko ɗaya da jaruminsa tela ne.

A cikin satin ne Yaya ya dawo daga Samaru, inda yake karatun zane a jami'a, tare da wata abokiyar karatunsa 'yar Wusasa. Kirista ce, mahaifiyarta malamar makaranta, tana da dariya irin wadda ake ji daga zaure. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kaka da Hausar da ta fi tawa, ta tambayi ciwon gwiwa, nan take Kaka ta sa aka dama mata fura. Anti nake kiran ta. Malaminsu ya raba su biyu-biyu, ya ce kowane biyu su sami mutum ɗaya su zana shi da salo biyu daban, sannan su rubuta bambancin. Suna neman wanda zai zauna musu.

Kafin Yaya ya rufe baki na ce ni ce. Na riga na gan ni a bangon littafi: na tallafe haɓa da hannu mai lalle, idanu kamar madara, dutsen Kufena a bayana yana shan hasken yamma. A nan ne kuma dabara ta faɗo mini, domin a kowane littafi akwai jarrabawa. Masoyin gaskiya yana gane masoyiyarsa ko daga inuwarta. Na je na sami Kaka tana gyaran zogale.

"Kaka, na samu mafita. Idan an gama zanen zan ajiye a gabansa, ba zan ce komai ba. In ya gane ni ce, ya turo. In bai gane ba, to ba ni yake gani ba duk shekarun nan, sai in ce wa Baba a sallame shi."

Ta ɗago ta dube ni. "Takwara, magana kike yi ko karatun littafi?"

"Alkawari na ɗauka."

"To, ni ce shaida," ta ce, ta ci gaba da zage ganyenta.

Kafin su fara aiki sun yi mini bayani, don na tambaya ko wane ne zai fi fito da ni. Yaya ya ɗauko tulun da ke gindin rijiya.

"Salona sunansa Kiyubizim," ya ce. "Dubi tulun nan. In kina son ki san shi, juya shi za ki yi, ki ga baki, ki ga gindi, ki ga inda ya tsage a baya. Hoton kyamara gefe ɗaya yake ba ki, ya ce miki shi ke nan. Ni kuwa zan kewaye ki, in kwaso duk ɓangarorin, in shimfiɗa su a kan allo ɗaya."

"Ka gama?" Anti ta ce. "Ƙanwata, nawa sunansa Ekisfireshinizim. Kada ki wahalar da harshenki. Shi yayanki kewaya gida yake yi yana auna katanga, ni ciki nake shiga. Ranar da ranki ya ɓaci, sama shuɗiya take a idonki? To ni launin da kika gani a ranar zan sa, ba wanda yake sama ba."

"Ihu ne da fenti," in ji Yaya.

"Naka kuma kamar an fasa madubi an share shi gefe guda."

"Nawa tunani ne."

"Tunanin kafinta."

Na yi murmushi kawai. A raina na ce duk masu basira haka suke magana, a ƙarshe dai kyakkyawar fuska za ta fito.

Kwana uku muka yi a tsakar gida, daga hantsi zuwa azahar. Na sa leshina ruwan hoda wanda nake ajiya don biki, na sha kwalli, na zauna a kan kujera na tallafe haɓa. Yaya bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya dube ni ta dama, ya zagaya ta ƙeya, ya kwanta a ƙasa ya leƙo haɓata. Can ya kifa turmi ya hau yana kallon tsakiyar kaina. Kaka ta fito za ta yi alwala ta same shi a sama.

"Kai kuma lafiya? Abin da ake koya muku ke nan a Samarun?"

"Aiki nake yi, Kaka."

"In ka fasa mini turmi, da kanka zan daka gero."

Na saci kallon farantin da yake haɗa fenti. Babu komai sai ruwan ƙasa da ruwan toka, launin katangar gidanmu. Na tambaye shi ina ruwan hodar leshina. Ya ce launi yana ɗauke hankali daga siffa.

Anti kuwa da ƙyar take ɗago kai ta dube ni. Hira take ja na da ita. Ta tambayi littattafan da nake so, na ba ta labarin guda huɗu tana ta dariya. A rana ta biyu, da Yaya ya fita sayo kananzir na wanke buroshi, ta ce, "Ƙanwata, tun jiya bakinki yake dariya, kafaɗunki ba sa yi. Mene ne?"

Ban san lokacin da na kwashe komai na gaya mata ba, da maganar Baba, da "Na iso", da almakashi.

"Kina son shi?"

"Ban sani ba, Anti. A littafi ana sani."

Ta ɗauki koren fenti ta matse shi kai tsaye a kan allo, ta bi shi da buroshi kamar mai tuƙin tuwo.

Ranar Alhamis suka ce an gama. Aka jingina allunan biyu a jikin rumbu, an rufe su da tsofaffin zannuwa. Na yi wanka na musamman don ganin kaina. Yaya ya fara yaye nasa.

Na daɗe ina neman inda zan fara. Hancina yana nan, amma ta gefe, yana nuna ƙofar kicin. Ido ɗaya yana kallona, ɗayan ya sauka kusa da inda ya kamata a ga kumatu, yana kallon ƙasa. Kunne ya hau goshi. Ga ƙeya, ga tsagar kitso, ga yatsu huɗu sun fito daga wani abu mai kusurwa uku. Duk an yanyanka ni dogo da murabba'i, an jera kamar tubalin da aka sauke daga mota.

"Inna lillahi," Kaka ta ce. "Wace ce tirela ta taka?"

Anti ta yaye nata. Wannan kam mutum ce, ba gardama, amma fuskarta koriya ce shar kamar miyar kuka. Idanun sun yi rabin fuska, an zagaye su da ja. Bakin ya karkace, wuyan ya yi tsawo ya lanƙwashe kamar kara a cikin iska. Kufena da na roƙa a sa mini a baya yana nan, sai dai baƙi ne, ya sunkuyo kamar zai faɗo mata a ka, sama kuma jawur.

Kaka ta matsa kusa ta ƙanƙance ido. "Wannan na so in san ta. Haka kike yi in tuwo ya kama kina can kina karatu."

Ana cikin haka Baba ya shigo daga masallaci. Shi mutum ne da ba ya son hoton mutum a rataye a gida, Yaya ma da sharaɗi ya bar shi ya yi wannan karatu. Ya dubi koren ya ce a juya shi ya kalli rumbu. Sannan ya tsaya a gaban na Yaya, ya goya hannu a baya, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Wannan fa?"

"Ƙanwata ce, Baba."

Baba ya sake dubawa, ya dube ni, ya koma kan allon. "To," ya ce. "Abin da malamai suka yi magana a kai surar mai rai ce. Wannan ko an busa masa rai ba zai kai zaure ba. A rataye shi, ba laifi."

Yaya ya rasa ko godiya zai yi. Anti ta shige bayan rumbu tana riƙe da ciki.

Ni ban yi dariya ba. Na bi Kaka ɗaki na ce mata an fasa jarrabawa, domin ba adalci a ciki. Ita da ta yi mini wanka tun ina jaririya ba ta gane ni ba, ina ga wanda sau biyu a sati yake ganina?

"Alkawari kaya ne, Takwara."

"Ai ban san haka za su yi ba!"

"Ke kika ce masoyin gaskiya ko inuwa ya gani zai gane. Ga inuwa har biyu."

"Zai faɗi, Kaka."

"In ya faɗi sai a sallame shi. Ba abin da kike nema ke nan ba? Ki jira mai baƙin gilashi."

Sai na fashe da kuka, irin mai majina, ba irin na littafi mai gangarowa a hankali ba. Ina kukan ina mamakin kaina. Mutumin da nake cewa ban sani ba, ga shi ina jin kamar za a cire mini haƙarƙari don zai daina zuwa ba ni labarin zare. Na ɗauki waya zan rubuta masa cewa duk abin da ya gani ranar Asabar ya ce ni ce. Kaka, wadda take cewa ba ta gani sosai, ta miƙo hannu ta karɓe wayar, ta ƙulle ta a haɓar zaninta.

Ranar Asabar bayan la'asar Yaya ya kai allunan zaure ya jingina su a bango. Shi da Anti suka laɓe a bayan katangar da ta raba zaure da tsakar gida, wai za su sa abin da suka ji a rahotonsu. Kaka ta dasa kujerarta 'yar tsuguno a bayan ƙofar ciki, sandarta a kan cinya. Muna nan sai ta zabura ta dafe ƙugu tana salati. Wayar ce ta yi gurnani a cikin zani. Ba sai na duba ba, na san abin da aka rubuta.

Na fita na zauna a wurina, na ba shi gefe kamar kullum. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya fara ba ni labarin wata allura da ta karye masa sau biyu. Na katse shi, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam, ga aikin makarantar su Yaya can. Duba ka gani."

Na ji ya tashi. Daga ƙasan mayafi ina ganin ƙafafunsa sun tsaya a gaban na Yaya. Suka matsa baya, suka dawo. Ya tsuguna.

"Ikon Allah," ya ce. "An yanka, saura ɗinki."

"Me ka ce?"

"Ai haka kaftani yake a kan teburina kafin in hau keke. Ga gaba, ga baya, ga hannu can, ga wuya nan, duk a shimfiɗe. Wanda bai san aikin ba in ya shigo sai ya ce an ɓata yadi. Amma komai yana nan." Ya nuna allon da yatsa. "Malama, yaushe kika zauna aka yi miki wannan?"

Sandar Kaka ta faɗi a bayan ƙofa.

Na ce, da muryar da ban san tawa ba ce, "Wa ya ce maka ni ce?"

"Ga kunnenki na hagu, mai huda biyu. Ga gefen hancinki, yadda yake in kina kallon tabarma. Wannan ƙeyarki ce, ita nake gani in kin tashi za ki shiga gida. Ga tabon bayan hannunki, wanda kika ce man gyaɗa ne ya fallatsar miki. Wannan na sama ban san shi ba, ina jin tsakiyar kai ne, ban taɓa hawa sama na duba ba."

"Ya aka yi ka gane?"

Ya yi 'yar dariya, irin ta mai jin kunya. "Shekara biyu ai haka kike ba ni kanki. Yau kunne, wani satin gefen ido. Ranar da iska ta taimaka in ga haɓa. Ban taɓa ganin fuskarki gaba ɗaya ba. In na koma shago ina taka keke, sai in yi ta haɗawa a raina." Ya ƙara matsawa kusa da allon. "Sai dai ya yi kuskure a gira. Taki ba ta kai nan ba, ya ƙara kusan rabin inci."

"Ba kuskure ba ne!" muryar Yaya ta fito daga bayan katanga. "Salo ne!"

Aka ji kamar an toshe masa baki. Telan ya dubi katangar ya ce, "Sannu da aiki, Yaya," kamar dama ya san da mutane a wurin.

Ni dai na ci jarrabawata, ko in ce ya ci. Da a littafi ne, nan babi zai ƙare. Amma ƙafafun suka matsa zuwa allo na biyu, suka tsaya. Ya sake tsugunawa, ya daɗe a haka har na ji kiran mai gyaran takalmi yana wucewa a waje.

"Wannan ban taɓa ganin ta ba," ya ce a hankali. "Ko wace ce, tana cikin wani hali. Wa ya taɓa ta?"

Na ƙara jawo mayafi.

"Zoben hannunta irin naki ne. Tana juya shi." Ya juyo wajena. "Malama, ke ce?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun da Baba ya ce in ba shi amsa a kanka."

"Ni nake sa ki haka?"

"Ba ka taɓa cewa komai ba," na ce, kuka yana neman ƙwace mini. "Kullum zare, kullum allura. Ban san ko kana so na ba, ko wurin hutawa ka samu."

"Me ake cewa?"

"Abin da ake cewa mana!"

Na ji ya sauke numfashi. "Ni ban iya irin wannan ba, Allah ya sani. Na ɗauka wanda ya rufe shago ranar Asabar da yamma, lokacin da masu karɓar kaya suka fi zuwa, ya riga ya faɗa. Amma laifina ne. Ke ma da naki. In kaya ya matse mutum ba shiru yake yi yana yawo da shi ba. Dawo da shi ake yi a buɗe."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na saki zoben, na juyo gaba ɗaya, na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido, da jan idona da kwallin da ya zubo. Sai a lokacin na gane ni ma guntu-guntu na san shi: ƙafafu, bakin wando, ƙarshen tef. Ashe yana da wushirya. Ashe ba shi da saje ko ƙwaya ɗaya. Ashe idanunsa irin na mutanen da ba su iya ƙarya ba ne.

Ya miƙe daga tsugunon, ya yi baya taku ɗaya, ya kai hannu ya dafa bango.

Har yau muna gardama a kan wannan. Shi ya ce ƙafarsa ce ta yi tsami don ya daɗe a tsugune. Ni na san abin da na gani.

"To, ya isa haka," Kaka ta ce daga bayan ƙofa. "Kallon ya isa, sauran sai an shafa fatiha. Kai angona, ka gaida gida."

Ban jira Juma'a ta biyu ba. Washegari da safe na sami Baba na durƙusa na ce ya turo. Baba ya yi hamdala. Da Kaka ta ba shi labarin yadda aka yi, sai ya yi tsam, ya aika a kira Yaya. Ya ce in har akwai wanda ya kalli abin nan ya gane mutum a ciki har da tabon hannu, to maganar da ya yi ranar Alhamis tana bukatar a sake duba ta. Aka sauke allon daga inda Yaya ya rataye shi, da ƙusa da komai.

Yaya da Anti kuwa kowa ya ce shi ya yi nasara. Yaya ya ce nasa aka gane, ba tare da an faɗa ba. Anti ta ce nasa an gane kunne ne da gira, nata ne ya sa aka yi maganar da aka shekara biyu ba a yi ba. Sun tambaye ni in raba gardama, na ce ban iya ba. Abin da na sani shi ne, na Yaya ya nuna mini abin da mutumin nan ya daɗe yana tarawa a kaina ban sani ba, na Anti kuma ya nuna masa abin da na ɓoye har ga kaina. Da guda ɗaya aka kai zaure, ina jin da an yi auren, amma da na shiga da kayana a matse. Sun rubuta wannan a rahotonsu, sai dai Yaya ya ce ya gyara maganar ta zama ta ilimi.

Bayan sun karɓo allunan daga makaranta, duka biyun suka bi ni gidana a cikin kayan jere. Na Yaya yana shago yanzu, a bayan teburin yanka. Masu kawo ɗinki suna ɗauka samfurin aiki ne. Alhajin nan mai tumbi ya taɓa cewa a yi masa irinsa a gaban babbar riga, maigidan ya ce masa wannan na mutum ɗaya ne, ba a maimaitawa. Da ya dawo ya ba ni labari, a matsayin labarin shago, bai ma san ya faɗi abin da ake cewa ba.

Koren yana ɗakina, a saman kwaba, yana kallon bango kamar yadda Baba ya ce. Har yanzu ina karanta littattafaina, har yanzu saƙonsa "Na iso" ne, ko da ƙofar gidansa ya iso. Ni kuma har yanzu bakina yana nauyi in abu ya dame ni. Sai in hau kujera in juyo allon ya kalli ɗaki, in koma kicin in ci gaba da aikina. In ya shigo ya gani, zan ji ya ajiye ledar hannunsa, ya tako har bakin ƙofa.

"Malama," zai ce, "ina ne ya matse?"